Tashar da Ta Yi Shiru: Yadda Soyuz T-13 Ya Kamo Salyut 7

(Kiɗan buɗe shiri)

 

Lokaci zuwa lokaci mukan ji a labaran duniya an ce kumbo kaza, ɗauke da 'yan sama jannati, ya isa tashar sararin samaniya ya haɗe da ita lafiya. Jimla ɗaya ce tak, mai karanta labarai ya wuce zuwa farashin man fetur. To yau a kan wannan jimla za mu yada zango. Ta yaya abu biyu da ke gudun kilomita 28,000 a awa guda suke samun juna a sararin da ba titi ba alama, har su taɓa juna ba tare da sun tarwatse ba? Domin mu ga aikin da kyau, na zaɓo mana ranar da ya fi kowace rana wuya, wato ranar da aka tura mutum biyu su haɗe da tashar da ta riga ta mutu.

Tashar ita ce Salyut 7, ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet. An harba ta ranar 19 ga Afrilun 1982. Nauyinta ya kusa tan 20, tana da ƙofa biyu da kumbo zai iya mannewa, ɗaya a gaba ɗaya a baya, da farantan sola da ke ba ta wuta. Ayari bayan ayari sun zauna a cikinta. Na ƙarshe kafin labarinmu, su Leonid Kizim, sun yi kwana 237 a sama, suka sauko a watan Oktoban 1984, suka bar ta ba kowa tana kewaya duniya, ana lura da ita daga cibiyar da ke kusa da Mosko.

Ranar 11 ga Fabrairun 1985 na'urar aika saƙo ta tashar ta sami matsala, sai ta kashe kanta, ta wucin gadi ta karɓi aiki kamar yadda aka tsara. Masu lura a ƙasa suka ba da umarnin a sake kunna ta farkon. Ashe nan gizo ke saƙar. Wuta ta haɗu, na'urorin rediyo suka ƙone, masu aikawa da masu karɓa baki ɗaya. Daga wannan lokaci Salyut 7 ba ta ji, ba ta magana. Na'urorin hange na soja suna ganin inda take, amma ba wanda ya san halin da cikinta yake: gobara ce, iska ce ta tsiyaye, ko kuwa wuta ce kawai ta ɗauke.

Mai sauraro zai ce, to ba sai a bar ta ba, tunda ba rai a ciki? Abin da ya hana shi ne, sabuwar tashar da ake ginawa, wato Mir, ba ta kammala ba. Sannan abin da ya kai tan 20, in ba mai riƙe da linzaminsa, wata rana zai faɗo, kuma ba shi da zaɓin inda zai sauka. Duniya ba ta manta da tashar Amurka mai suna Skylab ba, wadda ɓaraguzanta suka zuba a yammacin Ostareliya a 1979. Ga kuma zamanin yaƙin cacar baka, lokacin da kowane ɓangare ke jiran ɗan'uwansa ya yi tuntuɓe. Aka yanke shawara za a je a duba ta.

Kafin mu bi su, sai mun fahimci hanyar, domin a nan ne hankalin ɗan Adam ke yaudararsa.

Tashar sararin samaniya ba rataye take ba. Faɗowa take yi kullum, ƙasa tana janta kamar yadda take jan duk abin da aka jefa sama. Sai dai tana gudu a kaikaice da saurin da ya kusa kilomita 8 a kowace daƙiƙa, saboda haka kafin ta faɗo, doron duniya ya lanƙwashe ya kauce mata. Haka take ta faɗuwa tana kuskuren ƙasa, har ta zagayo duniya cikin kamar minti 90. Kuma ƙa'ida ce: abin da ya fi kusa da ƙasa ya fi gudu, zagayensa ya fi gajarta, abin da ya fi nisa ya fi nawa.

Ku ɗauki filin sukuwa. Dokin da ya kama layin ciki zai riga na layin waje zagayowa, ko da ƙafarsu ɗaya. A sama abin ya fi haka, domin na layin cikin ƙafarsa ma ta fi sauri. Yanzu ga inda rikicin yake. A ce kana cikin kumbo, kana hangen tasha a gabanka, layinku ɗaya. Zuciyarka za ta ce ka taka wuta ka cim mata. Da ka taka, ƙarfin da ka ƙara zai ɗaga ka zuwa layin waje, zagayenka ya ƙara tsawo, ka wayi gari tasha ta yi maka nisa. In kana so ka kamo ta, birki za ka taka. Birkin zai sauke ka layin ciki, ka fi ta sauri, ka riƙa cin tazarar da ke tsakaninku zagaye bayan zagaye, sai ka zo daidai ƙarƙashinta sannan ka hau.

Ba a littafi kawai aka koyi wannan ba. A watan Yunin 1965 wani gwanin matuƙin jirgin yaƙi na Amurka, James McDivitt, yana cikin kumbon Gemini 4, ya yi ƙoƙarin matsawa kusa da gangar rokar da ta kai su sama. Yana ganinta ƙuru-ƙuru. Ya nufe ta kai tsaye, kamar yadda ya saba a jirgi. Yana matsawa tana ƙara nisa, har ya ƙone kusan rabin man da aka ba shi na sarrafa kumbo, aka ce ya haƙura. Bahaushe ya ce sauri ya haifi nawa. Ban san inda maganar nan ta zauna daram kamar a nan ba. Wata shida bayan haka, ranar 15 ga Disamba, Wally Schirra ya bi ƙa'idar, ya kawo Gemini 6 har tazarar da ba ta wuce santimita 30 ba daga Gemini 7. Sai ranar 16 ga Maris na 1966 Neil Armstrong, wanda daga baya ya taka wata, shi da David Scott suka yi haɗewar farko a tarihi, da wata roka marar mutane mai suna Agena.

Akwai kuma maganar lokacin tashi. Hanyar da tasha ke bi kamar zobe ce da ta kewaye duniya, duniya kuma tana juyawa a cikin zoben. Dole a jira har filin harba roka ya zo daidai ƙarƙashinsa. In aka kuskure, karkatar da kumbo daga wannan zobe zuwa wancan yana cin man da ba kumbon da zai iya ɗauka. Shi ya sa za ku ji an ce za a tashi ƙarfe kaza da minti kaza da daƙiƙa kaza, in hadari ya taso a ɗage sai wata rana. Ba iyayi ba ne.

Duk wannan lissafi ne, kuma lissafi kwamfuta ta iya shi. Abin da ya sa batun Salyut 7 ya zama daban shi ne, a al'ada haɗewa aikin ɓangare biyu ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kumbo yana kira da rediyo, tasha tana amsawa, daga amsar ake gane tazara da sauri da kusurwa. Tasha tana kunna fitilu. Tana tsayawa cak ba ta motsi. A tsarin da Sobiyet ke amfani da shi a lokacin, mai suna Igla, tashar da kanta take juyowa ta fuskanci baƙonta da ƙofarta. Salyut 7 kuwa ba amsa, ba fitila, ba tsayuwa. Juyi take a hankali yadda ta ga dama. Ba a taɓa haɗewa da tasha a irin wannan hali ba.

Aka nemo Vladimir Janibekov. Sau huɗu ya riga ya je sama, kuma an san hannunsa: a watan Yunin 1982, yana ɗauke da ɗan sama jannatin Faransa na farko, Jean-Loup Chrétien, kwamfutar kumbonsu ta rikice saura kamar mita 900 su isa wannan tasha dai, ya karɓi linzami ya haɗe da hannu. Aka haɗa shi da injiniya Viktor Savinykh, wanda ya san cikin irin waɗannan tasoshi waya da waya. Kumbon nasu, Soyuz T-13, aka yi masa kwaskwarima. Aka cire kujera ta uku, aka cire na'urar Igla tunda ba mai amsa mata, aka cike gurbin da ruwa da abinci da kayan gyara, aka ƙara mai. Aka ba su wata na'urar auna tazara ta hannu mai aiki da hasken lesa: ka saita ta kan abu ta taga, ka danna, ta gaya maka mita nawa ne tsakaninku.

Suka tashi daga Baikonur, a ƙasar Kazakistan ta yau, ranar 6 ga Yunin 1985. Minti tara bayan tashi suna sama. Kwana biyu suka yi a layin ciki suna bin sawu.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna tafe ne da labarin 'yan sama jannati biyu da aka tura su kamo tashar Salyut 7 bayan ta yi wata huɗu ba a ji ɗuriyarta ba.

Ranar 8 ga Yuni suka hango ta. Da farko ɗigon haske ce, ba ta da bambanci da tauraro sai dai tana ƙara girma. Lissafin ƙasa da kwamfutar kumbo suka kawo su har saura 'yan kilomitoci, daga nan Janibekov ya karɓa. Ku kwatanta wurin a zuci. Ɗaki ne da bai fi mutum uku su zauna a takure ba. Mutum ɗaya idonsa a taga, hannunsa a kan sandunan sarrafawa guda biyu: ɗaya tana juya kumbo, ɗaya tana tura shi gaba ko baya ko gefe. Ɗayan yana karɓar awo yana lissafi. A auna tazara yanzu, a sake aunawa bayan 'yan daƙiƙoƙi, bambancin shi ne saurin da suke kusantarta. In ya yi yawa a ɗan feso wuta ta gaba a rage. Kowace fesawa mai ce ta tafi, kuma ba gidan mai a hanya. Ga rana tana faɗuwa tana fitowa duk minti 90, in duhu ya rufe ba a ganin komai, tunda tashar ba ta da ko fitila ɗaya.

Da tazara ta rage saura mita 200, Janibekov ya tsayar da kumbo. Tsayawa a nan ba tsayawa ba ce, su biyun suna tsala gudun kilomita 28,000 a awa. Abin nufi shi ne gudunsu ya zo ɗaya, ba mai tsere wa wani. Suka ƙare mata kallo. Jikinta lafiya, ba alamar wani abu ya buge ta. Amma farantan sola, waɗanda ya kamata a ce duk sun fuskanci rana, kowanne ya kalli nasa wuri. Wannan kaɗai ya ishi injiniya ya gane ba wuta a gidan. Abin da ya yi musu daɗi shi ne juyin nata ba mai tsanani ba ne.

Sai ya zagaya da kumbon har ya zo saitin ƙofar gaba, ya daidaita juyinsa da nata, yadda in ka dube ta daga tagarsa za ka ce a tsaye take. Sannan ya shiga matsawa, da saurin da bai kai na mai tafiya da ƙafa ba.

Bari in bayyana abin da ke faruwa a wannan gaɓa, domin mutane da yawa suna zaton taɓawa ita ce ƙarshen aiki. A hancin kumbon Soyuz akwai sandar ƙarfe mai kai. A ƙofar tasha kuma akwai rami mai siffar mazurari. Ba lallai sandar ta faɗa tsakiya daidai ba. In dai ta shiga bakin mazurarin, gangarensa zai zame da ita zuwa tsakiya, 'yan maƙallai su cafke kanta. Wannan shi ne kamun farko, kuma mai rauni ne: tan 7 da tan 20 suna lilo a kan sanda ɗaya. Sai a jira lilon ya lafa. Daga nan inji ya riƙa janye sandar a hankali har bakin kumbo da bakin tasha su haɗu, ƙugiyoyi takwas su sarƙe, su matse zoben roba da ke tsakani yadda iska ba za ta sami hanya ba. Shi ne kamu na biyu, na gaske. Tsakanin kamun nan biyu an taɓa yin asarar tafiya sukutum. A watan Afrilun 1971 Soyuz 10 ya isa tashar farko a duniya, Salyut 1, ya yi kamun farko, na biyu ya ƙi. Awa biyar da rabi mutum uku suna maƙale a bakin ƙofa, daga ƙarshe suka saki suka komo gida ba su shiga ba.

Na Janibekov ya kama, na farko da na biyu. A jikin zoben akwai mahaɗar lantarki da ya kamata ta kawo musu labarin tasha, ta nuna musu zafi da yawan iskar ciki. Allonsu bai nuna komai ba.

Saboda haka ba su yi garajen buɗewa ba. Ƙofa bayan ƙofa, sai sun buɗe ɗan bawul sun ga ko iskarsu za ta zurare, sun ɗebi ta ciki sun gwada ko akwai guba ko hayaƙin gobara. Iska tana nan, kuma ana iya shaƙarta. Suka shiga da tocila, fuska a rufe da abin kare numfashi. Duhu, sanyi ƙasa da inda ruwa ke daskarewa, raɓa ta daskare ta yi fari a bango da kan na'urori. A kan tebur suka tarar da busasshen burodi da gishiri, wanda ayarin baya ya bari domin tarbar masu zuwa, bisa al'adar Rashawa ta karɓar baƙo. Duk wanda ya zauna a tasha zai gaya maka ba ta rabuwa da ƙugin fankoki dare da rana. Wannan karon tsit.

Rashin fankar nan ba ƙaramin haɗari ba ne. A nan ƙasa iskar da ka fitar tana da ɗumi, sai ta tashi sama, sabuwa ta maye gurbinta. A can ba sama ba ƙasa, iskar da ka fitar tana nan a gaban hancinka, tana taruwa, kana sake shaƙarta har kanka ya fara sarawa, hankalinka ya dushe. Cibiyar ƙasa ta ce mutum ɗaya ne zai riƙa aiki a ciki, ɗayan ya zauna ta wajen kumbo yana sa masa ido. Ga tankunan ruwan sha sun zama ƙanƙara, ruwan da suka zo da shi kuma na 'yan kwanaki ne. Wato an riga an yanka musu wa'adi: ko su ta da tashar kafin ruwa ya ƙare, ko su tattara su sauko. Hotunan da aka ɗauka a lokacin sun nuna su cikin rigunan sanyi da hulunan ulu, ba su yi kama da 'yan sama jannatin da ake gani a mujalla ba ko kaɗan.

Da suka bi wayoyi, sai aka gano tushen ciwon. Wata 'yar na'ura ce mai lura a tsarin wutar sola ta lalace, ta hana batura caji. Ba rediyon da zai kai ƙara ƙasa, ba kuma wanda zai karɓi umarnin gyara, sai batura suka tsiyaye ɗaya bayan ɗaya har gidan ya mutu. Batura takwas ne. Biyu sun tashi daga aiki, shida za su iya farfaɗowa. Dabarar da suka yi, duk mai gyaran sola a unguwa zai gane ta: suka tsallake na'urar da ta lalace, suka jona batir kai tsaye da farantan. Saura a juya farantan su kalli rana, tasha kuma ba ta da ikon juya kanta. Sai Janibekov ya koma kumbo ya kunna ƙananan injinansa, ƙaramin ya juya babbar har hasken rana ya sauka inda ake so. Batir na farko ya ɗauka, aka koma kan na biyu.

Wuta ta dawo, amma ba a yi gaggawar kunna na'urorin ɗumama bango ba, kuma a ganina wannan haƙurin ya kai haɗewar kanta daraja. Ƙanƙarar da ke kan na'urori in ta narke gaba ɗaya, ruwa zai shiga wayoyi, abin da aka gyara ya sake ƙonewa. Aka bi a sannu. Duk da haka sai da suka yi ta goge laima da tsummoki da tsofaffin tufafi, kuma laimar ba ta koma daidai ba sai ƙarshen watan Yuli. Ranar 13 ga Yuni tashar ta sake iya daidaita tsayuwarta da kanta. Ranar 16 ruwa ya fara narkewa. Ranar 23 ga wata kumbon dakon kaya marar matuƙi, Progress 24, ya iso da ruwa da mai da sababbin batura, ya kuma haɗe da kansa, domin yanzu in an kira Salyut 7 tana amsawa.

Wajen kwance kayan wannan kumbo ne Janibekov ya lura da wani abin mamaki. Ya warware wani noti mai kunne biyu, notin ya fice yana juyi a iska, sai ya ga bayan ɗan lokaci ya kifa da kansa ya juya baya, ya ci gaba, ya sake kifawa. Masana lissafi sun daɗe da sanin dalilin a takarda, amma har yau ana kiran abin da sunansa.

Janibekov ya sauko ranar 26 ga Satumba bayan kwana 112. Savinykh ya zauna har 21 ga Nuwamba, kwana 168. A shekarar da ta biyo, su Kizim suka tashi daga sabuwar tashar Mir suka je Salyut 7, suka kwaso kayan aiki suka koma Mir, tafiyar da ba a taɓa yin irinta ba daga tasha zuwa tasha. Ita kuwa Salyut 7, faɗuwar da aka guje mata sai da ta zo: ranar 7 ga Fabrairun 1991 ta ƙone a iska, ɓaraguzanta suka zuba a Ajantina. Rashawa sun yi fim a kan wannan tafiya a 2017. Ku kalla in kun samu, amma ku sani an zuba gishiri da yawa; ainihin aikin ya fi kama da na makanike mai haƙuri a cikin sanyi.

To yau fa? Tashar ƙasa da ƙasa, wadda ake kira ISS, tana kewayawa a nisan kamar kilomita 400, kuma tun ranar 2 ga Nuwamban 2000 ba ta taɓa zama ba mutum a ciki ba. Sin ma tana da tata, Tiangong. Kwana biyun da su Janibekov suka yi a hanya an rage shi ƙwarai: ranar 14 ga Oktoban 2020 Soyuz MS-17 ya isa cikin awa uku da 'yan mintoci. Ba injin ne ya ƙara ƙarfi ba, lissafin lokacin tashi ne ya ƙara kyau, ana harba kumbo a daidai lokacin da tasha ba ta yi nisa a gaba ba. Kumbon Dragon na kamfanin SpaceX, wanda ya fara kai mutane a ƙarshen watan Mayun 2020, da kyamarori da hasken lesa yake lalubo ƙofa da kansa, ya taɓa ta da saurin kamar santimita 10 a daƙiƙa, matuƙa suna kallon allo.

Sai dai ba a daina koya musu tuƙi da hannu ba, kuma akwai dalili ta fuska biyu. Hannu yana ceto, hannu kuma yana ɓarna. Ranar 25 ga Yunin 1997 ana gwajin jawo kumbon dakon kaya da na'urar sarrafawa daga cikin Mir, ba tare da cikakken awon tazara da sauri ba, kumbon ya zo da gudu ya daki wani sashe mai suna Spektr ya huda shi. Mutum uku da ke ciki suka tsira da ƙyar, bayan sun yanke wayoyi sun toshe ƙofar sashen. Wannan ya nuna cewa 'yar na'urar awon da aka danƙa wa su Janibekov ba ado ba ce. Ido kaɗai ba ya gane saurin abu a sararin da ba bishiya ba dutse da za a kwatanta da shi. A ɗaya ɓangaren kuma, ranar 6 ga Yunin 2024 kumbon Starliner na kamfanin Boeing yana dab da ISS, biyar daga cikin ƙananan injinansa 28 suka ɗauke. Matuƙinsa Butch Wilmore ya karɓi linzami ya riƙe kumbon a waje da iyakar mita 200 da aka shata wa tashar, har injiniyoyi a ƙasa suka farfaɗo da huɗu, sannan aka ba su izinin shiga. Sun haɗe lafiya. Amma hukumar NASA ba ta yarda su komo a cikinsa ba. Shi da Suni Williams, da suka je da niyyar kamar mako guda, sai ranar 18 ga Maris na 2025 suka sauko, a cikin Dragon.

Mai son ya ga ISS da idonsa ba ya bukatar madubin hange. Hanyarta tana ratsa samaniyar Najeriya da Nijar da maƙwabtansu. A wasu ranaku, jim kaɗan bayan magariba ko kafin asuba, lokacin da mu muke cikin duhu ita kuma rana tana haska ta, za a ga haske mai ƙarfi yana tafiya daga wajen yamma zuwa wajen gabas, ba ya ƙyaftawa kamar fitilar jirgin sama, ba shi da ƙara, ya ratsa cikin minti shida ko ƙasa da haka. Manhajar NASA mai suna Spot the Station tana ba da rana da lokaci in aka sa mata sunan gari.

Lokaci ya cim mana. Masu tambaya a kan abin da muka tattauna su aiko ta hanyoyin da aka saba, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)